Annoba ta Taƙaita Jam'i, Addu'a Kuwa ta Ƙaru

A shekarar 2019 alhazai kimanin miliyan 2.5 suka tsaya a Arfa. Da annobar korona ta ɓarke a 2020, sai Saudiyya ta dakatar da maniyyatan ƙetare, aka yi Hajji da 'yan tsirarun mazauna ƙasar. Dalili kuwa, ƙwayar cutar numfashi take bi, ga shi sahu kafaɗa da kafaɗa ake yin sa.

To, shin taƙaita jam'i ya raunana imani? Jeanet Bentzen ta Jami'ar Kofanhegan ta bi diddigin abin da jama'ar duniya ke nema a Google, ta tarar a watan Maris na 2020 neman addu'o'i ya kai matsayin da bai taɓa kaiwa ba. Amma fa wannan ma'auni masu intanet kaɗai ya ƙirga, ban da tsohuwar da ke jan carbi a ɗaka.