Injin feshi: Ƴar robar da ke jawo wa manoman Kudancin Kano asara

Da zarar damina ta kankama a Kiru, Bebeji, Tudun Wada da Doguwa, za a ga matasa a hanyar gona goye da injin feshi mai cin lita 16 ko 20. Kuɗin ƙwadago ya yi tsada, maganin ciyawa ya karɓi aikin fartanya a gonakin masara da shinkafa da dama. Tun 2016 da tsutsar nan mai cinye masara ta ɓulla a Najeriya, feshin ƙwari ma ya ƙaru. Masu noman rani da ruwan madatsar Tiga kuwa ba sa ajiye injin duk shekara.

Sai dai da yawa daga cikin injinan nan yoyo suke yi, kuma bayan mai goyon ne ke shan maganin.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Magani yana shiga jiki ta fata, musamman idan riga ta jiƙe ta manne da gumi tsawon yini. Paraquat, wanda hukumar NAFDAC ta haramta, ba shi da makari idan ya shiga ciki. Abin takaicin shi ne, abin da ke jawo yoyon sau da yawa bai wuce ƴar roba ba: ta murfi, ta bakin tiyo, ko ta cikin famfo. Idan ana buga hannun injin ana jin sa sakwaf, feshi ba ya fita da ƙarfi, robar famfon ce ta cinye ko datti ya maƙale a bawul. A kwance, a wanke, a sauya robar. Shafa mata baƙin mai, kamar yadda wasu ke yi, na iya kumbura ta ta lalace da wuri.

Sai kan feshin, wato nozul. Ruwan kududdufi da ake ɗiba ba tare da tacewa ba shi ke toshe shi. Mai sauri sai ya sa baki ya hura, ko ya zura waya. Na farko ya kai guba bakinsa, na biyu ya buɗa ramin, daga ranar injin zai riƙa zubar da magani fiye da ƙima, kuɗi na tafiya, wani lokacin shuka ta ƙone. Tsohon burushin haƙori da ruwa sun wadatar. Kuma kan da ke baza ruwa a shimfiɗe na ciyawa ne, mai fitar da shi a zagaye kamar hazo na ƙwari ne.

Wanki ma ana raina shi. Ragowar 2,4-D a tanki ta isa ta murɗe ganyen tumatir a feshi na gaba. A ɗauraye sau uku, a bi da ruwan ta tiyo da nozul, nesa da rijiya da rafi. Mai hali ya ware inji guda don ciyawa kaɗai.

Yanzu ido ya koma kan mai batir, kuma ya cancanta: hannu ya huta, ƙarfin feshi bai sauyawa. Amma shi ma robobin nan ne a jikinsa, ga ƙarin waya da makunni da ba sa son laima. Batirinsa mai bolt 12, idan aka jingine shi ba caji bayan girbi, da wuya ya tashi a damina mai zuwa. A cika shi kafin a ajiye, a riƙa ɗan jona shi duk wata.