Shaidar zur a intanet: Yadda sayen linki ke kai shafi sama, ya kuma jefo shi ƙasa

An san Makarfi da rake, Kudan da inabi, Ikara kuma da tumatir. Rake na iya haƙuri, amma tumatir da inabi ba sa jiran mai saye, kwana kaɗan sun fara lalacewa. Shi ya sa mai irin wannan haja ke neman duk hanyar da ɗan kasuwar Legas ko Fatakwal zai gano shi da wuri, har da intanet.

A ɗauka wani matashi ne a Saulawa ya buɗe shafi don tallata kayan gwari. Ya rubuta sunan hajarsa a Google, bai ga shafin ba sai can ƙasa, inda ba mai leƙawa. Ana nan sai saƙo ya shigo masa: biya kaza, a zuba maka linki dubu, ka hau sama cikin mako guda.

Me ya sa linki ke da daraja?

Linki shi ne rubutun nan, galibi mai launin shuɗi, da ake latsawa ya kai mutum wani shafin. Larry Page da Sergey Brin, waɗanda suka kafa Google a 1998, sun gina shi a kan tunanin cewa duk shafin da ya sa linkin wani, tamkar ya yi masa shaida ne. Wanda shaidunsa suka fi yawa da nagarta, shi ake ɗorawa a gaba.

Daga nan shaidar ta zama haja. Masu sayar da ita kan tara ɗaruruwan shafukan da ba mai karantawa, ko su kutsa shafukan makarantu da hukumomi su cusa linki a ɓoye. A taƙaice, shaidar zur ce, kuma dokokin Google sun haramta ta.

Manyan da suka ɗanɗana kuɗarsu

A watan Fabrairun 2011, jaridar New York Times ta bankaɗo yadda dubban linki daga shafukan da ba su da alaƙa da harkarsa suka ɗora katafaren kantin JC Penney na Amurka a sama. Da Google ya ɗauki mataki, cikin sa'o'i biyu kantin ya rikito daga na 1 zuwa na 68 ga masu neman kayan ɗaki. Ya ce bai san da aikin ba, ya sallami kamfanin da ke kula masa da harkar, amma hukuncin a kansa ya sauka.

A Fabrairun 2013 kuma, Interflora mai sayar da furanni a Birtaniya ya ɓace daga sahun farko, ko da sunansa aka rubuta, bayan ya biya jaridu sun wallafa tallace-tallace masu kama da labari ɗauke da linkinsa.

Shi kansa Google bai tsira ba. A Janairun 2012 ya rage wa shafin manhajarsa ta Chrome matsayi na aƙalla kwana 60, saboda wani talla da ya saɓa wa wannan doka.

Tun daga tsarin Penguin na Afrilun 2012, na'ura ce ke yawan farautar irin wannan linki. A Disambar 2022 kamfanin ya ce tsarinsa na SpamBrain na gano masu saye da masu sayarwa, ya kuma soke tasirin linkin. Ke nan ko ba a hukunta mutum ba, kuɗinsa sun bi ruwa. Kowa ya sayi rariya, ya san za ta zubar da ruwa.

Ina mafita?

Biyan kuɗin talla ba laifi ba ne, muddin an yi wa linkin alamar cewa talla ne. Tun 2005 akwai irin wannan alama, aka ƙara wata ta musamman a 2019. Sai dai linkin talla mutane kawai yake kawowa, ba ya ɗaga matsayi.

Manyan kamfanoni na da ma'aikatan da za su bi linki ɗaya bayan ɗaya su goge, su nemi afuwa. Matashin Saulawa ba shi da su, kuma kakar tumatir ba za ta tsaya masa ba.

Abin da yake da shi, wanda ba a saye a wajen dillalin linki, shi ne sanin gida: farashin kwando a yau, lokacin da inabi ke nuna a Kudan, kuɗin mota daga Makarfi zuwa Zariya. Idan ya riƙa wallafa wannan kullum da Hausa, ya yi wa kasuwancinsa rajista kyauta a taswirar Google, wata rana ƙungiyar manoma ko wata jarida za ta sa linkinsa don amfanin masu karatunta. Irin wannan shaidar takan ɗauki watanni kafin ta zo, amma ba a wayi gari an soke ta ba.