DIGIRIN ILMIN LAIFUFFUKA: RIBA KO FAƊUWA?

A cikin shekarar 2012 Babbar Lauyar Jihar Illinois ta ƙasar Amurka, Lisa Madigan, ta kai ƙarar wata kwaleji mai zaman kanta da ake kira Westwood gaban shari'a. Tuhumar ita ce kwalejin ta tara samari da 'yan mata tana koya musu ilmin laifuffuka da hukunci, ta kuma sa musu rai cewa da sun gama za su sa kakin 'yan sanda, alhali kuwa rundunar 'yan sandan birnin Chicago da ta jihar ba su yarda da takardar shaidarta ba. Kuɗin karatun ya kai wajen dala 70,000, akasarinsu na bashi. An rufe kwalejin a 2016, sa'an nan a 2022 Gwamnatin Tarayyar Amurka ta yafe wa tsofaffin ɗalibanta su 79,000 bashin dala biliyan ɗaya da rabi. Shekarun da suka ɓata kuwa babu mai mayar musu da su.

Wannan fanni dai ba daɗaɗɗe ba ne. A 1967 wani kwamiti da Shugaba Lyndon Johnson ya naɗa ya ba da shawara cewa a kai matsayin da kowane ɗan sanda zai zama mai digiri. Shekara guda bayan haka aka yi dokar da ta ware kuɗi don karatun jami'an tsaro, sai kwalejoji suka yi ta buɗe sassan wannan ilmi ko'ina. Amma burin kwamitin bai cika ba. Har wa yau yawancin rundunonin ƙasar takardar gama sakandare suke nema ga sabon ɗauka, kuma ƙalilan ne ƙwarai suka shardanta digiri. Mai digiri da marar shi duk makarantar horo ɗaya za su shiga, su yi fareti tare.

To, a nan ne lissafin yake. Wanda ya zauna shekara huɗu a jami'a ya yi biya biyu: ya biya kuɗin makaranta, ya kuma bar albashin da abokinsa ya riƙa karɓa, ga shi abokin ya riga shi a lissafin shekarun aiki da na fansho. Alƙaluman hukumar ƙwadago ta Amurka na 2023 sun nuna matsakaicin albashin ɗan sanda ya ɗara dala 70,000 a shekara, na gandiroba kuwa ya ɗan haura 50,000. Abin mamaki shi ne jami'in da ke sa ido kan masu laifin da aka yi wa ɗaurin talala, wanda galibi sai da digiri ake ɗaukarsa, albashinsa wajen dala 60,000 ne, wato bai kai na ɗan sandan da ba a tambaye shi digiri ba.

Duk da haka kuskure ne a ce takardar ba ta da amfani. Amfaninta a gaba yake, wajen ƙarin girma. A rundunar birnin New York ba a zama kyaftin sai da digiri. Jihar Massachusetts kuma ta yi doka a 1970 wadda ta tanadi ƙarin albashi ga ɗan sanda mai ilmi, inda tsarin ya daidaita a kan kashi 10 cikin ɗari ga mai karatun shekara biyu, kashi 20 ga mai digirin farko, da kashi 25 ga mai digiri na biyu. Ƙarin kashi 20 na shekara ashirin ya isa ya biya kuɗin kowace jami'ar gwamnati har a sami rara mai yawa. Sai dai bayan matsin tattalin arzikin 2008 jihar ta janye rabin da take biya, ta bar garuruwa da nauyin, wasu suka ci gaba, wasu suka hana sababbin ɗauka. Alkawarin gwamnati ma yakan bi yadda baitulmali yake.

Akwai kuma wani abin da ɗalibai kan manta. Hukumar bincike ta FBI lalle tana neman digiri, amma ba ta ce sai na ilmin laifuffuka ba. Hasali ma tana marmarin masu ilmin akanta, da na kwamfuta, da masu jin harsunan waje, domin ɓarawon zamani a cikin littattafan banki yake ɓuya. Irin wannan ɗalibi in bai sami aikin ɗamara ba yana da wata ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Saboda haka waɗanda suka fi cin riba su ne waɗanda suka fara kama aiki, sa'an nan suka yi karatun da dare a makaranta mai sauƙin kuɗi wadda hukuma ta amince da ita, sau da yawa ma rundunar ce ke biyan wani kaso.

Nijeriya ma ta shiga wannan sahu, domin jami'o'i da dama, ciki har da Jami'ar Karatu Daga Gida, suna ba da digirin ilmin laifuffuka da nazarin tsaro. Tsarin ɗaukar aiki a nan ya ɗan yi kama da na can: kurtun ɗan sanda da takardar sakandare yake shiga, mai digiri kuma a mataki na 8 yake farawa a aikin gwamnati, ko tarihi ya karanta ko ilmin laifuffuka. Inda takarda da aiki suke fitowa tare shi ne Kwalejin 'Yan Sanda ta Wudil a Jihar Kano, wadda ɗalibinta ke gamawa da digiri a hannu da kuma muƙamin Mataimakin Sufuritanda a kafaɗa.