Sikanin a Gefen Gado: Darasin da Likitan Jazira Ke Buƙata Bayan Digiri

A ƙarshen shekarun 1980 wasu likitocin Sudan da takwarorinsu na Jamus sun bi ƙauyukan Jazira da na'urar sikanin suna duba cikin yara 'yan makaranta. Tabon da tsargiyar hanji ke bari a hanta suke nema. Ma'aunin da suka fitar don tantance tsananin tabon, da sunan garin Manaƙil aka san shi, kuma masu nazarin cutar suna ambatonsa har yau. A 1988 kuma Dakta Mamoun Homeida da abokan aikinsa suka kwatanta abin da na'urar ta nuna da abin da aka gani a naman hantar da aka ɗebo daga majiyyata, suka tabbatar cewa ana iya dogara da ita. Daga irin waɗannan ayyuka ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta tara masana a Alƙahira a 1990, sannan a Yamai a 1996, aka daidaita yadda za a riƙa duba masu tsargiya ko'ina a duniya.

Sikanin dai ya daɗe da sanin hanyar Jazira. Amma a wancan lokaci kayan bincike ne a hannun ƙwararru 'yan kaɗan, su zo su auna su koma birni. Yanzu magana ta koma kan likitan da ke tsaye a kan mara lafiya da tsakar dare, ko ya iya ɗora na'urar da hannunsa ya sami amsa nan take.

Mutanen da wannan ya fi shafa, da yawansu Hausawa ne da Fulani. Bayan rasuwar Sarkin Musulmi Attahiru a yaƙin Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a zuwa gabas, ya kafa garin da ake kira da sunansa a bakin Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar. Wasu kuma mahajjata ne da guzuri ya ƙare musu a hanya, suka tsaya neman na gaba, zama ya kama su. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe gandun auduga, waɗannan baƙin na cikin waɗanda suka fi tsintar ta. Jikokinsu suna nan a ƙauyuka da unguwannin leburori da ake kira kambo, a gefen magudanan ban ruwa. A ruwan nan ake wanka da wanki da kamun kifi, a cikinsa kuma katantanwar da ke ɗauke da tsargiya take. Idan damina ta sauka, baƙar lakar yankin takan riƙe mota har sai an nemo tarakta. Saboda haka babbar tambayar da ke gaban likitan asibitin karkara ita ce: a riƙe wannan majiyyaci a nan, ko a kama hanyar Wad Madani ko Sinnar ko Damazin tun yana da sauran ƙarfi?

Na'urar tana aika sautin da kunne ba ya ji zuwa cikin jiki, ta karɓi amsa-kuwwarsa ta mayar da ita hoto. Ruwa yakan fito baƙi, ƙashi fari da inuwa a bayansa, iska kuwa ta dagula hoton. Sikanin gefen gado ya bambanta da wanda ake yi a ɗakin hoto, inda ake bin gaɓoɓi ɗaya bayan ɗaya a rubuta dogon rahoto. Shi tambaya guda ake yi masa, a sami i ko a'a. Akwai jini a cikin ciki? Zuciya tana bugawa da ƙarfi? Jaririn da rai? Wanda ya yi hatsari, akwai tsarin dubawa da likitocin tiyata na Amurka suka yaɗa a shekarun 1990, ana ce masa FAST. Wurare huɗu ake ɗora kan na'urar: tsakanin hanta da ƙodar dama, gefen saifa, mara, da ƙasan ƙirji inda ake hango jakar zuciya. A hannun gwani 'yan mintoci ne. Daga baya aka ƙara huhu, musamman bayan aikin wani likitan Faransa, Daniel Lichtenstein, wanda a 2008 ya fitar da tsarin gane dalilin sarƙewar numfashi: ruwa ne ya cika huhu, ko iska ce ta kuɓuce ta danne shi, ko ciwon nimoniya ne.

A nan ne Jazira ke da nata tarko, kuma shi ya sa horon da aka kwaso daga waje yadda yake bai wadatar ba. A allon na'ura, sabon jini da ruwa duk baƙi suke fitowa. A Landan ko Shikago, idan matashi ya faɗo daga babur aka ga baƙi a gefen hantarsa, kusan kullum jini ne. A ƙauyen bakin magudana kuwa, mai yiwuwa manomi ne da tsargiya ta daɗe tana cin hantarsa, ruwa ya riga ya taru a cikinsa tun kafin hatsarin. Likitan da bai iya kallon hantar kanta ba, ya ga fararen zobban tabo da suka kewaye jijiyoyinta, yana iya tura mutum tiyatar da ba ya buƙata. Akasin haka ma yana faruwa. Saifar da zazzaɓin cizon sauro ko tsargiya suka kumbura ba ta jure bugu, harbin jaki ko faɗuwa daga amalanke ya isa ya fasa ta, alhali a waje babu ko ƙwarzane. Kuma a sa'ar farko jinin da ya zuba yana iya zama kaɗan har na'ura ta kasa ganinsa. Wanda ya ƙware ya san hoto mai kyau na farko bai wanke kowa ba, sai ya sake dubawa bayan ɗan lokaci.

Haka wanda aka kawo yana aman jini. Idan aka ga babbar saifa da hanta mai tabo, hankali zai tafi ga jijiyoyin ƙasan maƙogwaro da suka kumbura suka fashe, wanda sanannen ƙarshe ne na tsargiyar hanji, kuma maganinsa daban da na gyambon ciki. Ga kuma matar aure da ta suma da ciwon mara. Abu ne mai sauƙi a ce zazzaɓi ne a ba ta allura. In gwaji ya nuna tana da ciki, mahaifa kuma ta fito wayam, ga baƙi a bayanta, to cikin ya zauna a waje ne ya fashe, kuma kowace sa'a tana da tsada.

Me ya sa ake cewa sai bayan digiri? Domin abu uku ne ake koya, kuma na ukun sai wanda ya riga ya san majiyyata. Na farko samun hoton, wanda aikin hannu ne kamar saƙa, sai da maimaici. Na biyu karanta shi. Na uku haɗa shi da bugun jini da labarin mara lafiya a yanke shawara. Ƙungiyar likitocin gaggawa ta Amurka, wadda ta fara fitar da ƙa'idojinta a 2001, tana neman mai koyo ya yi aƙalla sikanin 150 da wani gwani ya duba ya amince da su. Bitar kwana biyu a otal da takardar shaida mai kyan ado ba ta kai nan ba. Illarta ma ita ce tana ba mutum ƙarfin gwiwa kafin ta ba shi ido.

Sudan tana da tubalin gina irin wannan horo. Hukumar ƙwarewar likitoci ta ƙasar, da aka kafa a 1995, tana horar da likitocin gaggawa. Jami'ar Jazira da ke Wad Madani, wadda aka kafa a 1975, ta yi suna wajen tura ɗaliban likitanci ƙauyuka su koyi aiki cikin jama'a. Sai dai yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya tarwatsa abubuwa da dama. Dakarun RSF sun kama Wad Madani a Disambar 2023, sojojin Sudan suka karɓe ta a Janairun 2025, garin Sinja ma ya sauya hannu sau biyu a 2024. Asibitoci sun lalace, malamai da yawa sun bar ƙasar. Tun kafin wannan, rikicin 2022 a Rusairis da Wad al-Mahi, wanda ya ci rayukan ɗaruruwan mutane ya kuma raba Hausawa da dama da gidajensu, ya nuna yadda masu raunin harsashi da sara ke yi wa ƙaramin asibiti yawa a yini guda. A irin wannan rana, sanin wa za a fara shiga da shi ɗakin tiyata shi ne rabin aikin.

Kuɗin na'ura ya daina zama babban shinge. A 2018 aka fara sayar da Butterfly iQ, wadda ake haɗawa da wayar hannu, a kan kusan dala 2,000, kuma wasu kamfanoni sun fito da irinta. Batir take amfani da shi, faifan sola ɗaya ya ishe ta. An kuma ga amfanin horo a wuraren da suka yi kama da Jazira. A karkarar Ruwanda, wani nazari na 2008 ya sami cewa sikanin ya sauya shawarar magani a kashi 43 cikin ɗari na waɗanda aka duba. A Awil ta Sudan ta Kudu, ƙungiyar likitoci ta MSF ta koya wa mataimakan likita duba huhun yara, ƙwararru daga nesa suka bi hotunan suka ga yawancinsu sun karantu. Wannan ya dace da ƙauyukan Shuɗin Nilu, inda sau da yawa mataimakin likita da ungozoma ne kaɗai ke wurin. Likitocin Sudan da ke Saudiyya ko Ingila ko Ailan za su iya zama masu bibiyar hotunan ta intanet, muddin an cire sunan majiyyaci kafin a aika.

Su ma iyalan majiyyaci akwai abin da ya kamata su sani. Wannan sikanin na gaggawa bai duba komai da komai ba, don haka idan likita ya ce a je birni a yi cikakken hoto, ba kuɗi yake nema ba. Idan ya ce a bar mara lafiya a kwance zai sake dubawa, kada a ɗauke shi don an ji cewa ba a ga komai ba. Wanda ya san yana da tsohuwar tsargiya, ko an taɓa ce masa saifarsa ta kumbura, ya faɗa tun kafin a ɗora masa na'urar, in kuma bai iya magana ba, wanda ya kawo shi ya faɗa.