Wankin Ƙafa: Darasin Tawali'u Wajen Kirista

Hausawa sun ce girman kai rawanin tsiya ne. Kishiyarsa kuwa shi ne tawali'u, watau mutum ya ƙasƙantar da kansa ko da ya fi wani dukiya ko muƙami. Kirista suna da wata al'ada ta koyar da wannan hali.

Asalinta yana cikin Linjilar Yohanna, sura 13. A zamanin da, mutane su kan yi tafiya cikin ƙura da takalma buɗaɗɗu, bara ne ke wanke ƙafar baƙo. Amma daren da za a kama Yesu, sai ya tashi ya ɗauki ruwa ya wanke ƙafafun almajiransa. Bitrus ya ƙi da fari, don ya ga abin bai dace da malaminsa ba.

Saboda haka kowace shekara, ran Alhamis ta kafin Ista, limamin coci ya kan durƙusa ya wanke ƙafafun mutum 12. A 2013 Paparoma Francis ya yi haka ga yara fursunoni a Rum, har da Musulmi.

A Dubai ma akwai cocin Katolika na St. Mary, wanda aka buɗe a 1967 a filin da Sarki Rashid ya bayar. Masu zuwa cikinsa baƙi ne 'yan cin rani, daga Indiya da Filifin da Afirka, manajoji da leburori. To, a irin wannan gari darasin ba ya ƙarewa a coci. Ana gane mai tawali'u ne wajen yadda ya ke magana da direbansa da mai yi masa shara.