Akwatin Saƙo a Cikin Na'ura: Yadda Ƙwaƙwalwa Biyu Ke Magana da Juna

Wayar hannu ta zamani, irin wadda fatake ke cinikin shanu da ita a kasuwar Mai'aduwa, ba ƙwaƙwalwa ɗaya ke gare ta ba. Akwai ƙwaƙwalwar da ke kula da abin da ido ke gani a fuskar wayar, akwai kuma wata dabam wadda aikinta shi ne hulɗa da turken sadarwa. Ƙwaƙwalwa a nan tana nufin furosesa, watau sashen kwamfuta mai bin umurni da yin lissafi. Haka abin yake a motocin zamani da na'urorin asibiti, inda ƙananan kwamfutoci ke ɓoye suna aiki ba a ganinsu. Abin tambaya shi ne, ta yaya ƙwaƙwalwa biyu, kowace da saurinta, za su yi aiki tare ba tare da sun ɓata wa juna aiki ba?

Matsalar rijiya ɗaya

Yawanci ƙwaƙwalwan biyu ma'adana ɗaya suke amfani da ita wajen ajiye bayanai. Idan ɗaya tana cikin rubutu, ɗayar ta zo karatu, to za ta kwashi rabin sabon bayani da rabin tsoho. Idan kuwa ɗaya ta kama ma'adanar ta ƙi saki, ɗayar sai ta yi ta jira. Mutanen Daura sun san irin wannan a labarin rijiyar Kusugu, inda macijiya ta hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a: ga ruwa a rijiya, ga gari da ƙishirwa. A 1965 wani masani ɗan ƙasar Holan, Edsger Dijkstra, ya bayyana dabarar sa ayyuka su riƙa bin layi, ya kuma ari sunanta daga alamar da ke ba jirgin ƙasa hannu ko ta tsayar da shi. Akwatin saƙo wata hanya ce ta cimma irin wannan tsari, wadda ake ginawa a jikin na'urar tun daga masana'anta.

Mene ne akwatin saƙo?

Akwatin saƙo wasu 'yan gurabe ne da ƙwaƙwalwan biyu ke iya kaiwa gare su, kamar akwatin gidan waya da ma'aikaci ke jefa wasiƙa ta baya, mai shi ya buɗe ta gaba. Abubuwa uku ne suka haɗa shi: gurbin ajiye saƙo, da gurbin da ke nuna ko akwatin cike yake ko wayam, da kuma ƙararrawa wadda ke katse wa mai karɓa aiki don ya san saƙo ya iso. Akan yi akwati biyu, ɗaya na tafiya ɗaya na dawowa. Akwatin ba ya ɗaukar kaya masu yawa. Kayan suna can cikin ma'adana, shi dai akwatin 'yar takarda yake ɗauka mai cewa, ga inda aka ajiye su.

Misali mai sauƙi shi ne ƙaramar kwamfutar nan ta Raspberry Pi, wadda aka fito da ita a Ingila a 2012 domin koyar da ɗalibai. Tana da ƙwaƙwalwar ARM mai gudanar da shirye-shirye, da ƙwaƙwalwar VideoCore mai kula da hoto. Duk saƙon da ke tsakaninsu bit 32 ne, bit kuwa gurbi ne mai ɗaukar sifiri ko ɗaya. Bit 4 na ƙasa suna faɗin lambar tasha, watau irin maganar da za a yi, saura 28 suna faɗin adireshin kayan. Alal misali, ta tasha ta 8 ce ARM ke tambayar zafin na'ura ko girman ma'adana.

Matakan saitawa

Da farko, mai tsara shiri zai keɓe wani yanki na ma'adana wanda ɓangarorin biyu suka amince da shi. Na biyu, zai nemi adireshin gurabe na akwatin a littafin masana'anta, domin kowane ƙirar na'ura da nasa. Na uku, zai tantance tashar da kowace irin magana za ta bi. Na huɗu, zai kunna ƙararrawa ya kuma rubuta abin da za a yi idan ta kaɗa. Bayan haka sai ka'idar aikawa: a kammala rubuta kaya, a duba ko akwati bai cika ba, sa'an nan a jefa saƙo. Mai karɓa ya ɗauke saƙon, ya kashe ƙararrawa, ya yi aikin, ya mayar da amsa.

Ga lissafin da ɗalibi zai iya yi a allo. A ce kaya suna adireshi na 4096, tasha kuma ta 8 ce. Saƙon zai zama 4104. Mai karɓa zai raba 4104 da 16, ya sami 256 da ragowar 8. Ragowar ita ce tasha, 256 sau 16 kuma shi ne adireshi. To amma da an ajiye kayan a 4100, saƙon zai zama 4108, ragowarsa 12, sai wasiƙa ta bi wata tasha dabam, adireshin ma ya kauce. Shi ya sa dole adireshin ya zama wanda 16 ke iya rabawa daidai.

Inda ake tuntuɓe

Ƙwaƙwalwa tana da wani ɗan aljihu na kusa inda takan riƙe bayani kafin ta kai shi babbar ma'adana. Idan aka kaɗa ƙararrawa alhali kaya suna aljihu, mai karɓa zai je ya tarar da tsohon bayani, kamar jakadan da ya riga kayansa isa fada. Don haka sai an zazzage aljihu tukuna. Bugu da ƙari, in aka manta kashe ƙararrawa, za ta yi ta kaɗawa har ƙwaƙwalwa ta kasa yin wani aiki. Haka nan akwati yana da iyaka: a na'urar Raspberry Pi Pico ta 2021, mai ƙwaƙwalwa biyu, kowane akwati saƙo 8 kawai yake ɗauka. Mafi muni shi ne kowace ƙwaƙwalwa ta zauna jiran amsar 'yar'uwarta, na'ura ta sandare. Maganin wannan shi ne a yanke wa jira wa'adi.

Kammalawa

Sandarewar waya abin haushi ne kawai, amma a na'urar ba jirgin ƙasa hannu, rayuka ne a kan layi. A 2019 aka kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Daura, aka kuma aza harsashin Jami'ar Sufuri a garin cikin Disamban shekarar. A 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, wanda aka tsara ya ratsa ta Daura. Irin waɗannan ayyuka suna buƙatar masu gyara da suka san cikin na'ura, ba masu canza sassa kaɗai ba. Malami na iya fara koyar da wannan darasi ko babu kwamfuta: ɗalibai biyu, da kwali, da ƙararrawar makaranta sun isa a gwada abin da ke faruwa idan aka karya ka'ida ɗaya.