Ƙungiya da Ɗaiɗaiku a Gwajin Ƙididdiga: Matsalar Bambancin Bogi

A ƙaddara an raba manoman masara 400 na Doguwa da Tudun Wada gida biyu. Rabi malamin gona ya bi su gona-gona, rabi kuma aka koyar da su cikin ƙungiyoyi goma masu mutum ashirin-ashirin. Bisa al'ada, manazarci yakan lamunci kuskuren kashi 5 cikin ɗari, wato ganin bambanci inda babu shi.

Sai dai 'yan ƙungiya guda malaminsu ɗaya, kuma suna kwaikwayon juna, saboda haka amfanin gonarsu yakan yi kama. Bisa ma'aunin da Leslie Kish ya bayyana a 1965, idan kamancin ya kai 0.05, mutum 200 ɗin nan ba su fi manoma 103 masu cin gashin kansu ba. Duk wanda ya ƙirga su ɗaiɗai, kuskurensa zai haura zuwa kusan kashi 11, ya yabi dabarar da ba ta tsinana komai ba.

Mafita ita ce a shigar da ƙungiya cikin lissafi, a kuma yawaita ƙungiyoyi maimakon cika su da jama'a. Hatta gwajin MORDOR na maganin azithromycin a jihar Dosso ta Nijar, wanda aka wallafa a 2018, ƙauyuka ya yi wa ƙuri'a, ya ɗauki kowane ƙauye a matsayin awo guda.